Sitikar ƙuli-ƙuli: yadda muka nemo wa ɗiyar yayata manhajar gyaran hoto ta kyauta a Agege

Bayan ƙaramar Sallar 2025 da 'yan kwanaki, ɗiyar yayata ta shigo shagon da nake aiki a Agege riƙe da baƙar leda. Aikina buga takardu ne da cike wa mutane fom a intanet, da yamma kuma ina koya wa yara kwamfuta. Ta gaishe ni, ta zauna, ta zazzage ledar a kan tebur. Sitika ce ta mannawa a jikin robobi, dami guda, sabuwa fil daga Shomolu, unguwar masu buga takardu a Legas. Na ɗauki ɗaya na duba. Inda ya kamata a karanta "Ƙuli-ƙuli mai ɗanɗano", duk wurin da ƙ ko ɗ ya faɗo, wani ɗan akwati ne fanko a zaune. Hoton robar da ke tsakiya kuwa ya dusashe, ana ganin dishi-dishin zanen gadon da aka ɗora ta a kai lokacin ɗauka.

Ta ce, "Kawu, dubi abin da aka yi min. Ribar sati biyu ce fa na zuba a nan."

Aure ne ya kawo ta Legas daga Zariya. A gida take yin ƙuli-ƙuli da yajin ƙuli da dambun nama, ta zuba a robobi, ta tallata a WhatsApp. Masu sayenta matan Agege ne da Idi-Araba da Obalende, sai wasu Yarabawa da suka ɗanɗana yajin suka riƙe lambarta. Da ciniki ya ɗan buɗe sai ta so kayanta su fita da suna, kamar na kanti. Ta tura wa wani mai zane hoto da rubutu ta waya, ta biya, aka buga. Ban ga laifin mutumin sosai ba. Ba ya jin Hausa, bai san ƙ harafi ne mai zaman kansa ba, ya zaɓi salon rubutu mai ado wanda babu haruffanmu a ciki. Hoton kuma WhatsApp ya riga ya matse shi kafin ya isa hannunsa.

Buƙatarta ɗaya ce a ranar: ta koyi yin abin da kanta. Ta ce in ɗora mata Photoshop, fitacciyar manhajar gyaran hoto.

Abin da ke hannunta

Kafin mu taɓa komai na tambaye ta kayan aikinta. Wayar Android ce matsakaiciya, sai tsohuwar laftof tokumbo ta maigidanta, mai RAM giga 4 da Windows 10, wadda batirinta ba ya kai sa'a guda in an ɗauke wuta. Data kuwa ta sati take saye, tana lallaɓa ta, musamman da yake a farkon shekarar ne hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Turancinta na karatun sakandare ne, tana karanta abin da ke kan allo amma kalmomin masu zane baƙi ne a wurinta. Lokacin da take da shi bai wuce bayan isha'i ba, in yara sun yi barci.

Photoshop ba na kyauta ba ne. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sababbin fitowarsa sau ɗaya a gama, ya mayar da su biyan wata-wata, kuma ga wanda cinikinsa na naira ne wannan nauyi ne da ba ya ƙarewa. Na gaya mata haka. Ta ce ai maƙwabcinsu ya ce akwai mai gyaran kwamfuta a Ikeja da zai ɗora mata shi a kuɗi kaɗan. Na san irin wannan, kowa a harkarmu ya sani. Manhaja ce da aka fasa makullinta, kuma sau da yawa wanda ya fasa yakan cusa nasa abin a ciki. Na sha karɓar kwamfutocin da suka dawo daga irin wannan ɗori suna nishi, tallace-tallace na ɓullowa ta ko'ina. Wannan laftof ɗin kuma da ita maigidanta yake shiga asusun bankinsa. Na ce mata garin neman ƙiba kada a samo rama. Ban da haka, kayan wani ne aka ɗauka ba da izininsa ba, ita kuma mace ce mai kiyaye halalinta har a awon gyaɗa. Da na faɗi wannan ba ta sake tayar da maganar ba.

Kuskuren da na fara yi

Na ɗora mata GIMP, wata manhajar gyaran hoto, domin shi na sani kuma shi nake so. Ɗalibai biyu ne na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara shi a 1995, kuma har yau masu aikin sa kai ne ke raya shi. Kyauta ne na gaskiya: babu talla, babu rajista, babu ranar da za a ce lokacin gwaji ya ƙare. A watan Maris na 2025 aka fitar da GIMP 3.0, ina ɗokin in ga wani ya yi aiki da shi. A shago na sauke mata shi daga gimp.org don kada datarta ta tafi. Adireshin da kaina na rubuta, ban bi ta tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike ba, saboda a 2022 an taɓa kama wani tallan bogi da ya yi shigar shafin GIMP yana raba wa mutane manhajar satar bayanai.

Na nuna mata abubuwa na kusan sa'a guda, ta ce ta gane, ta tafi. Kwana uku ban ji ɗuriyarta ba. A na huɗu ta kira ni muryarta a sanyaye.

"Kawu, wannan abin ya fi ƙarfina. Na yi aiki har sha biyun dare, na adana, na zo turawa waya ta ce ba ta san fayil ɗin ba."

Na gane inda ta faɗa. A GIMP, in ka danna Save, abin da yake ba ka fayil ne nasa na kansa mai suna XCF, wanda ke riƙe da aikin yadda za ka dawo ka ci gaba. In kana son hoton da waya za ta buɗe, JPEG ko PNG, sai ka bi ta Export As. Tun fitowar 2.8 a 2012 aka raba su haka, kuma akwai hikima a ciki, amma ban taɓa ganin sabon shiga da bai yi tuntuɓe a wurin ba. Matsala ta biyu, ta yi ta goge bayan hoton, maimakon wurin ya zama fayau sai ya cika da launi. Dalili shi ne hoton JPEG ba ya zuwa da abin da ke ba shi damar zama fayau, sai an ƙara masa ta wani umarni da ake kira Add Alpha Channel. Wa zai yi tunanin wannan da kansa cikin dare, ga batir na ƙarewa?

Laifin nawa ne. Na tambaye ta kayan aikinta amma ban tambaye ta aikin ba. Na ɗauka "gyaran hoto" abu ɗaya ne, na miƙa mata babbar manhaja na ce ta shiga. Da ta dawo ranar Asabar sai muka zauna da takarda da biro, na ce ta faɗa min abin da take so ta gani a ƙarshe, ta manta da sunan kowace manhaja. Ashe ayyuka uku ne daban. Akwai hoton kullum na tallan WhatsApp, wanda take so ya fita da haske cikin minti biyu. Akwai 'yar sanarwa mai rubutu, irin ta "an fara karɓar odar Sallah". Sai sitika, wadda za a buga a takarda, ita ce mai wuyar, amma sau ɗaya ake yin ta a daɗe ana amfani.

Hoton kullum

Wannan bai ma buƙaci kwamfuta ba. Rabin matsalar a wurin ɗauka take. A ɗaki take ɗaukar hoto da daddare ƙarƙashin ƙwan lantarki, shi ya sa yajin ke fitowa kamar ƙasa. Muka sayi farin kwali babba, irin na 'yan makaranta, aka jingina rabinsa da bango rabi a ƙasa, kusa da taga, da hantsi. Ta goge gilashin kyamarar da gefen mayafinta. Hoton farko da ta ɗauka a haka ya fi duk wanda ta kwana tana gyarawa.

Sauran gyaran muka bar wa Snapseed, manhajar waya da Google ya saya a 2012. Kyauta ce, ba talla, kuma tana aiki ko babu data. Abu uku kawai na nuna mata: yanke gefe, ƙara haske, da daidaita fari don kwalin ya fito fari ba ruwan ɗorawa ba. Na roƙe ta abu guda, kada ta ƙara wa yaji jan da ba shi da shi. Mai saye zai buɗe roba ya gani da idonsa, kuma a sana'ar abinci in aka ce hotonki ya fi kayanki kyau, an gama da ke a unguwa.

Sanarwa, da ma'anar "kyauta"

A nan Canva ta shigo, ita ma ta riga ta ji sunanta a wurin ƙawayenta. Kamfanin Ostareliya ne da ya fara a 2013, kuma ga mai son ɗora rubutu a kan hoto cikin sauri, da wuya a samu abin da ya fi ta sauƙi. Cikin rabin sa'a ta haɗa sanarwar da ta burge ni. Amma da ta danna maɓallin cire bayan hoto sai aka nuna mata shafin biya. Ta zaɓi wani zanen fure mai ɗan kambi a gefe, shi ma haka. Ta so ta sauke tambarinta ba tare da farin bango ba, nan ma sai an biya.

Ta ce, "To Kawu, ina kyautar take?"

Tambayar ta yi min daɗi, domin ita ce gindin lamarin duka. Kalmar ɗaya ce amma abin da ke ƙarƙashinta ya bambanta. GIMP kyauta ne domin masu shi sun sake shi ga kowa, har asalin rubutun da aka gina shi da shi. Canva kyauta ce irin ta ɗanɗanon mai kilishi: a ba ka ka ji daɗi, in kana son ƙari ka sa hannu a aljihu, kuma ba zamba ba ce tunda ba su ɓoye ba. Akwai kuma kyautar da talla ke biya, kamar Photopea, wadda wani matashi mai suna Ivan Kutskir ya ƙirƙira a ƙasar Cek a 2013. A cikin burauza take aiki ba sai an ɗora ta ba, fasalinta kamar na Photoshop, har fayilolinsa na PSD tana buɗewa. Mun gwada ta a laftof ɗin. Ta yi aiki, sai dai burauza da tallan gefe sun cinye ɗan RAM ɗin, linzami ya riƙa tsalle. Ga mai kwamfuta mai ƙarfi da intanet tsayayye zan ba da shawararta ba tare da shakka ba. Ga ɗiyata, wadda dararenta rabi duhu ne rabi lissafin data, ba ta dace ba.

Muka tsaya a kan Canva don sanarwa kawai, da sharaɗin ta guji duk abin da ke da kambi, kuma kafin ta zaɓi salon rubutu ta fara buga "ɓ ɗ ƙ" ta gani ko sun fito daidai.

Sitika

Nan muka daɗe. Na fara gwada mata Paint.NET, wadda Rick Brewster ya fara a 2004 yana ɗalibi a Amurka. A Windows kaɗai take aiki, ba ta da nauyi, kuma fuskarta ba ta tsoratar da baƙo. A kanta ɗiyata ta fahimci abin da ya gagare ta a GIMP, wato aiki falle-falle. Na ɗauko ledoji uku masu haske a shago, na zana da'ira a ɗaya, na rubuta suna a ɗaya, na shafa launi a ta ukun, na ɗora su a kan juna. Na zare ta tsakiya, sauran suka zauna yadda suke. Ta yi shiru, can ta ce, "Au, ashe kowane abu da ledarsa." Daga ranar ban sake yi mata bayanin wannan ba.

Amma Paint.NET tana da wani hali da ya hana mu zama a kanta. Da zarar ka gama rubutu ka matsa, rubutun ya zama zane, ba ka iya komawa ka canja harafi ɗaya sai dai ka goge ka sake. Mai sayar da kayan gyaɗa a Legas kuwa, farashinta da girman robarta ba sa zama wuri ɗaya. GIMP yana barin rubutu a matsayin rubutu muddin ka adana XCF ɗin. Saboda haka muka koma gare shi, amma wannan karon da idon da ya san abin da yake nema. Na rubuta mata abubuwa biyar a bayan wata tsohuwar rasit, na ce duk sauran maɓallan ta yi kamar ba ta gan su ba.

Muka auna robar da tef ɗin tela: sitika mai faɗin santimita 10 da tsayin 6. Masu bugawa suna son ɗigo 300 a kowane inci don rubutu ya fita tsaf, wanda ya kama fiksel 1181 da 709. Sai ƙarin milimita 3 a kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi, in ba a bar mata wuri ba sai farin zare ya fito a bakin sitika. Da wannan ƙarin ya zama 1252 da 780. Na sa ta buga lambobin da hannunta tun wurin buɗe sabon aiki. Nan ta gane dalilin dusashewar ta farko: ƙaramin hoto aka ja aka buɗe, kuma babu manhajar da za ta mayar da abin da aka riga aka zubar.

Sai haruffa, abin da ya fi ci min rai a lamarin nan. Yawancin salon rubutu masu ado an yi su ne don Turanci da harsunan Turai, babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsu. Abin da mutanenmu suka saba yi shi ne su haƙura su rubuta k da d, har ya zama allunan shaguna da katunan biki a Agege kusan duk haka suke. Ni ban yarda wannan ƙaramin abu ba ne. Ƙafa daban, kafa daban. Baƙi daban, baki daban. Yaran da aka haifa a Legas, waɗanda Yarabanci da Turancin buroka suka fi zama a bakinsu, a jikin irin waɗannan robobi da alluna suke ganin rubutacciyar Hausa, in ma sun gani. Maganin kuma kyauta ne. Akwai Noto Sans da Noto Serif na Google, akwai Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk suna ɗauke da haruffanmu manya da ƙanana. Muka ɗora Andika don ƙananan bayanai, Noto Serif mai kauri don sunan kaya. A waya ta ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard, a laftof ma muka ƙara allon Hausa da Windows ke da shi.

Wata ƙawarta ta ba ta shawarar ta kwafi lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, daga wata roba ta sa, wai ya fi jan masu saye. Na ce sam. Lambar da ba taki ba ƙarya ce, kuma laifi ne a doka. Sitikar ta fita da suna, da abubuwan da ke cikin yajin, da lambar waya, da gargaɗin cewa akwai gyaɗa a ciki. Maganar rajista muka ajiye ta a matsayin aikin gaba.

Ranar zuwa Shomolu tare muka tafi. Ta fitar da aikin a PNG, wanda ya mayar da komai hoto ɗaya, ta yadda kwamfutar mai bugawa ba ta da damar musanya salon rubutu. Muka sa a filas, ta kuma tura wa kanta kwafi a WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, don kada a matse shi. Wani mai bugawa daban muka samu. Ya tambaya ko akwai na CorelDRAW, domin da shi yawancinsu ke aiki, muka ce babu, ya buɗe namu ya ga girman ya cika, ya ce ba matsala. Na nace a fara buga ɗaya mu gani. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da tawada huɗu, shi ya sa launi mai ƙyalli yakan mutu a takarda. Haka kuwa aka yi: jan da ta zaɓa ya fito kamar jar ƙasa. A wurin ta buɗe laftof, ta shiga fallen bango ita kaɗai, ta sauya jan zuwa wanda ya ɗan karkata ga ruwan lemo, ta sake fitarwa. Gwaji na biyu ya yi. Mai bugawar ya nuna ƙ da yatsa ya tambaya ko kuskure ne ya gyara mata. Ta ce masa a'a, haka ake rubuta shi.

Daga ranar da ta zazzage leda a teburina zuwa ranar da muka karɓo sabuwar sitika, sati bakwai ne. Ba ta biya ko kwabo don manhaja ba. Abin da ta kashe shi ne kuɗin kwali, da na mota, da na bugawa, da dararen da ta hana kanta barci. Har yanzu ba ta iya yanke hoton roba da hannu ya fita sumul ba, gefen yakan yi ɗan tsage-tsage, shi ya sa muka bar hoton a kan farin kwalinsa cikin da'ira. A lokacin laftof ɗin ma tana gab da zama matsala, tunda Microsoft ya sa Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10, ita kuma ba za ta ɗauki 11 ba. Na fara tunanin ɗora mata Linux a madadin Windows, inda GIMP ɗin yake aiki daidai yadda ta saba.

Ana saura sati guda babbar Sallah ta samu ƙananan robobi masu araha a kasuwa, ta yanke shawarar fitar da yaji na ƙaramin kuɗi don masu suyar naman layya. Ban sani ba sai da saƙonta ya shigo da daddare, fayil ne ba hoto ba. Ta buɗe XCF ɗin, ta rage girma, ta canja nauyin da ke rubuce, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Na musamman don naman layya." A ƙarƙashin fayil ɗin ta rubuta, "Kawu, duba min ko na bar wa wuƙa wurinta." Na buɗe na auna. Milimita ukun suna nan a kowane gefe.